Ranar da Alhaji ya saki makara

A layinmu na kasuwar Kantin Kwari alhazai sun fi talatin, amma idan aka ce "Alhaji" ba a ƙara komai ba, kowa ya san da wa ake. Bango ɗaya ne ya raba shagona da nasa. Atamfa da shadda yake sarowa dila-dila, kamar yadda mahaifinsa ya yi kafin shi. Mutum ne mai faran-faran, mai kyauta, mai ci. Wannan na ƙarshen ban faɗa don zagi ba, domin tare muke ci. Da safe shayi mai kauri da burodi da ƙwai, da rana gurasa da tsire, bayan la'asar fura, a tsakani kuma lemon kwalba mai sanyi duk lokacin da baƙo ya shigo, kuma a Kwari baƙo ba ya yankewa. Daga gida sai mota, daga mota sai benci, daga benci sai masallacin da bai fi taku arba'in ba. A haka ya kai shekara 47. A wurinmu 'yan kasuwa tumbi shaidar rufin asiri ne. Ramammen ɗan kasuwa ma ba a cika son ba shi kaya bashi ba, sai a yi ta raɗe-raɗin ko karayar arziki ce ke tsotsar sa.

Mahaifinsa ya rasu da asuba, aka sa jana'iza bayan azahar. Da yake maƙabartar ba nisa, a ƙafa aka ɗauke shi. Alhaji ne babba, shi ya sa kafaɗa a gaba ta hannun dama, ni ina biye da shi. Ba mu yi taku ashirin ba na ji numfashinsa yana fita kamar zugazugin maƙeri. Gumi ya jiƙa bayan rigarsa, gwiwoyinsa suka fara rawa. Wani matashi ya zura kafaɗa, Alhaji ya saki, ya koma gefe ya dafa katanga. A bayan babur aka ƙaraso da shi, ya tarar an gama jera itace a kan kabarin.

Babu wanda ya ce masa uffan. Ina jin ma babu wanda ya riƙe abin a rai in ban da shi. Sai bayan sadakar bakwai, muna zaune mu biyu a shago, ya ce da ni, "Maƙwabci, tsohon nan a kafaɗarsa na yi kallon hawan Daushe, tun daga fitowar Sarki har aka watse, bai sauke ni ba. Ni taku ashirin na kasa yi masa." Ya juya fuska yana gyara turamen atamfar da ba su buƙaci gyara ba.

A makon ne ya je asibiti, karo na farko da ya je da ƙafarsa ba don duba wani ba. Likitar, wata matashiya da ba ta wuce sa'ar ƙanwarsa ba, ta auna jininsa sau biyu, ta sa ya dawo wata rana ta sake aunawa: 165 bisa 105. Ta ce masa daga 140 bisa 90 ake kiran abin hawan jini. Sugansa kafin karin kumallo ya nuna 118, ta ce bai kai 126 da ake cewa ciwon suga ba, amma ya baro gida, yana kan hanya. Ta rubuta masa magani, ta ce ya rage gishiri da dunƙulen miya da lemon kwalba. Sannan ta ce ya riƙa tafiya da ɗan sauri na minti talatin, kwana biyar a mako. In ya haɗa, minti 150 ke nan, mafi ƙarancin abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba baligi shawarar ya yi a kowane mako.

Ya dawo kasuwa yana huci. "Wai tafiya! In yi ta yawo a titi kamar wanda akuyarsa ta ɓata?" Maganin ma kwana biyu ya sha ya jefa a aljihun mota.

Na daɗe ina juya wannan fushin nasa a raina, domin shawarar likita ba ta da tsada kuma ba ta da wuya. Daga baya na gane sauƙin nata ne ya ɓata masa rai. Alhaji ya yanke wa jikinsa hukunci tun ranar jana'iza, yana neman wanda zai zartar. Da likitar ta ce ya kwanta a yi masa bulala ɗari, da ya miƙa baya yana godiya.

Babban ɗansa ne ya nuna masa abin da yake nema a waya, da kyakkyawar niyya. Wani ƙaton Bature ne ba riga, yana tsalle yana cewa minti huɗu kacal a rana sun isa su narkar da teɓa: daƙiƙa ashirin kana aiki iya ƙarfinka, daƙiƙa goma kana hutawa, har sau takwas. Wannan tsari ba ƙarya ba ne. Sunan wani masani ɗan Japan yake ɗauke da shi, Izumi Tabata, wanda ya wallafa bincikensa a kai a 1996. Abin da mai bidiyon bai tsaya faɗa ba shi ne, da 'yan wasan gudun kan ƙanƙara na Japan aka san tsarin tun farko, kuma waɗanda aka gwada a binciken samari ne da suka saba wasanni, a kan keken motsa jiki na cikin ɗaki, ana lura da su. Babu ɗan kasuwa mai shekara 47 da hawan jini a cikinsu. Amma Alhaji minti huɗun kawai ya ji, da kalmar "iya ƙarfinka". Ɗan kasuwa kuwa in ya ji ƙaramin jari da babbar riba, kunnensa ya toshe ga sauran bayani.

Akwai wasu samari da ke atisaye a wani fili a unguwarsu bayan la'asar, yawancinsu masu neman shiga soja da 'yan ƙwallo. Alhaji ya sayi takalmin gudu mai tsada da wando da riga kala ɗaya, ya bayyana a cikinsu. Watan Afrilu ne, lokacin da zafin Kano kan haura digiri 40, ƙasa tana tururi har bayan biyar na yamma. Kocin yaran, wani mai hankali, ya dube shi sama da ƙasa ya ce, "Baba, sannu da zuwa. Yau ka yi rabin abin da suke yi, in ka ji jiri ka zauna."

Kalmar "Baba" ce ta ƙarasa ɓata lamarin. Alhaji ya ce shi bai zo yin rabi ba. Yara suka yi tsallen kwaɗo daga wannan raga zuwa waccan, ya bi su. Suka yi tsuguna-tashi ɗari, ya yi ɗari, na ƙarshe-ƙarshen yana dafe da gwiwa. Suka kwanta rub da ciki suna ɗago ƙirji da hannu, suka zabura suka yi gudu, suka dawo suka sake. Abin da aka ce minti huɗu ya zama awa guda. Ya yi amai a gindin bishiyar darbejiya, yaran suka tafa masa, ya koma gida yana jin kansa kamar wanda ya ci yaƙi.

Washegari a zaune ya yi sallar asuba, cinyoyinsa sun ƙi lanƙwasuwa. Tsamin jiki bayan aikin da ba a saba ba abu ne sananne, yakan tsananta a kwana na biyu ko na uku sannan ya lafa, in an bar jikin ya huta. Alhaji bai bari ba. Ya aika kemis aka sayo masa maganin ciwon jiki irin su diclofenac, ya haɗiya biyu, ya koma fili. A rana ta uku wani ya ba shi shawarar ya sa rigar leda a ciki don ya ƙara gumi, wai gumi kitse ne ke fita. Ya kuma rage shan ruwa, don ya lura duk sanda ya sha, sikeli yakan hau. Na ce masa, "Alhaji, ka bi a hankali." Ya ce, "Shekara ashirin ina bi a hankali, ga inda ta kawo ni." Na yi shiru, domin a lokacin ni ma kwalbar lemo ce a hannuna.

A rana ta huɗu bai zo kasuwa ba. Matarsa Hajiya ce ta kira ni da hantsi, muryarta na rawa. Cinyoyinsa sun kumbura sun yi tauri kamar icce, ya kasa miƙewa, fitsarinsa kuma ɗan kaɗan ne, launinsa kamar baƙin shayin da ya kwana a buta. Shi yana cewa a bari zuwa yamma zai ware. Hajiya ta ce, "Wallahi Alhaji ko ka yarda ko kada ka yarda, yau sai asibiti." Mu huɗu muka cicciɓe shi zuwa mota.

Likitar nan dai muka tarar. Ba ta yi masa faɗa ba, abin da ya fi faɗan ciwo. Ta sa aka ɗebi jini da fitsari, ta sa aka ɗaura masa ruwa nan take, sannan ta yi mana bayani. Tsoka idan aka yi mata aikin da ya fi ƙarfinta nesa ba kusa ba, ƙwayoyinta sukan farfashe, abin da ke cikinsu ya kwarara cikin jini. A ciki akwai wani sinadari mai launi da ake kira mayoglobin, shi ne ya rina fitsarin. Ƙoda ita ce matatar jini, wannan sinadari kuwa yana toshe ƙananan hanyoyinta yana ƙona su. Zafin rana da ƙishirwa sun rage ruwan da zai wanke shi, maganin ciwon jikin da ya sha kuma irin wanda ke rage jinin da ke isa ƙoda ne. Sunan ciwon a likitance rabdomayolisis, kuma ta ce ba raggaye kaɗai yake kamawa ba, yana kama sababbin sojoji da 'yan wasan da suka dawo daga dogon hutu suka ce sai sun ci gaba daga inda suka tsaya. Da an ƙara kwana ɗaya ko biyu a gida, in ji ta, da maganar wankin ƙoda ake yi.

Hausawa kan ce garin neman ƙiba an samo rama. Shi Alhaji ramar ya fita nema, ya kusa samo abin da ya fi ta.

Kwana biyar ya yi ana ƙara masa ruwa leda bayan leda, ana auna fitsarinsa a roba kamar mai sayar da man gyaɗa. 'Yan kasuwa suka yi ta zuwa dubiya da lemon kwalba katan-katan, Hajiya tana karɓa tana turawa ƙarƙashin gado.

A rana ta huɗu da kwanciyarsa, da yamma, wani tsoho ya yi sallama. Baba mai dako ne. Tun Alhaji yana yaro ana aiko shi shago da abincin rana, wannan mutumin yake ɗaukar wa mahaifinsa dila a ka. Ya haura sittin, siriri ne kamar sanda, wuyansa duk jijiya. Ya ajiye ledar lemon zaƙi guda biyar, ya ƙi kujera, ya zauna a ƙasa ya jingina da bango.

"Alhaji ƙarami, ya jiki?"

"Da sauƙi, Baba."

"An ce gudu ka yi."

Alhaji ya yi murmushin kunya. Tsohon ya ɗan yi shiru yana murza gammon da bai rabuwa da shi, sannan ya ce, "Duk shekara in an gama girbi yara suna zuwa mana cin rani. Ƙarti, sun sha noma, ƙirji kamar faifai. Kowannensu ranar farko dila yake so a ɗora masa, don ya ga tsoho irina yana ɗauka. Ba ma ba su. Turmi goma za ka fara da shi, mako guda. Sannan ashirin. Wanda ya yi gardama ya ɗauki dila, kwana uku ne za ka gan shi a tasha an naɗe masa wuya da rawani, ya koma gida ba ko sisi. Ka san me ya sa? Da rana kaya yana cin wuya ne. Da dare, in ka ci tuwo ka yi barci, a lokacin wuyan yake ƙwari. Wanda bai ba dare haƙƙinsa ba, rana za ta cinye shi."

Na lura likitar, wadda ta shigo duba ledar ruwa, ta tsaya da abin da take yi tana saurare. Daga baya ta ce mana abin da ke cikin littattafansu ke nan: motsa jiki yana yi wa tsoka ƙananan raunuka, a lokacin hutu ne jiki ke ɗinke su ya ƙara musu ƙarfi, kuma jijiyoyi da gaɓoɓi sun fi tsoka jinkirin sabawa.

Alhaji ya ce, "Baba, ba za ka gane ba. Ranar jana'izar tsoho..."

"Ina wurin," in ji shi. "Ina bayanka da mutum biyu. Ni da nake ɗaukar dila, taku nawa ka ga na yi da makarar? Ban fi talatin ba na ba wani. Makara ai karɓa-karɓa ake yi, Alhaji ƙarami. Wa ka taɓa gani ya ɗauke ta daga ƙofar gida har bakin kabari? In ka riƙe ka ƙi saki ma ka tauye wa na bayanka lada. Sakin da ka yi daidai ne. Inda aka samu matsala, ba ka iya dawowa ka sake karɓa ba. In gyara za ka yi, wannan za ka gyara."

Ya miƙe, ya yi addu'a, ya ce zai koma kafin a rufe kasuwa. Alhaji ya daɗe yana kallon silin bai ce komai ba.

Bayan an sallame shi, sai da aka yi makonni ana sake gwajin jini kafin likita ta yarda ya fara wani abu. Abin da ta yarda da shi kuwa shi ne dai wanda ya raina: tafiya. Minti goma bayan sallar asuba, daga masallaci zuwa bakin titi ya dawo. Mako biyu a haka, sannan sha biyar, sannan ashirin. Ma'aunin da ta ba shi ba ya buƙatar na'ura. In yana tafe yana iya magana amma ba zai iya rera karatu ba, saurin ya yi daidai. In kalma biyu uku kawai ke fita kafin ya ja numfashi, ya shiga mai tsanani, ya sassauta tukuna. Maganin hawan jinin ya fito daga aljihun mota ya koma kusa da buroshin haƙori.

Wahalar wannan mataki ba a ƙafa take ba. Duk wanda ya wuce a mota sai ya taka birki: "Alhaji lafiya? Ina motar? Shigo in rage maka hanya." Cikin wata guda labari ya zaga Kwari cewa an ga Alhaji yana yawo a ƙasa da sassafe, ga shi ya fara zubewa, lallai akwai magana. Wani da ke bin sa kuɗin shadda ya zo har shago yana kame-kame. Alhaji ya buɗe durowa ya biya shi a take, ya ce a kawo wa baƙo ruwa. Ruwa zalla, domin an daina ajiye lemo a shagon, abin da ni ma ya shafe ni ba tare da an nemi shawarata ba. Malmalar tuwon dare ta koma ɗaya, zoɓon Hajiya ya rabu da sukari. Ranar da ya ce in zo mu riƙa tafiyar tare, na kawo uzuri uku, ya rushe su duka.

Sai da aka yi wata huɗu, awon jininsa ya sauka ya zauna a wajen 130 bisa 80, sannan likita ta ce yanzu zai iya taɓa abin da ya so tun farko, sau biyu a mako, ba a jere ba, da sanyin safiya, da gorar ruwa a hannu. Ta yi masa lissafin da ake yi na ƙiyasi, a cire shekarun mutum daga 220, nasa ya ba da 173, ta ce bugun zuciyarsa a minti kada ya matsa kusa da nan, kuma lissafin kansa kintace ne, jikinsa ya fi shi gaskiya. In ya ji nauyi a ƙirji, ko jiri, ko numfashi ya ƙi dawowa, ya tsaya ya zo ta gan shi.

Matakalar Dutsen Dala muka zaɓa. Mukan fara da tafiyar minti goma a ƙasa don jiki ya yi ɗumi. Sannan ya hau da sauri na rabin minti, ya tsaya. Ba ya sake hawa sai numfashinsa ya dawo har zai iya gaisawa da mutum cikakkiyar gaisuwa, da tambayar iyali da gajiya. Sau huɗu a farko, daga baya shida, daga baya takwas. Abin da na lura da shi, wanda shi ma ya fi murna da shi, shi ne tsayuwar ce ke gajarta. A makon farko sai ya yi minti uku yana haki kafin ya iya cewa "ina kwana". Bayan wata biyu minti ɗaya ya ishe shi. Daga saman dutsen, in gari ya waye, ana ganin tsohon birni a shimfiɗe da Goron Dutse can gefe, sai ya tsaya yana nuna mini unguwannin da ya shekara ashirin yana ratsawa a mota bai taɓa sanin yadda suka haɗu da juna ba.

Ya koma filin samarin nan ma, ya nemi kocin ya ce, "Ɗana, rabin nan da ka ce, har yanzu yana nan?" Yaron ya yi dariya ya ce yana nan, Baba. Wannan karon sunan bai dame shi ba.

Kada in yi ƙarya in ce komai ya tafi sumul. Da babbar Sallah naman layya ya kwashe mana mako uku, muka koma Dala kamar ba mu taɓa hawa ba. Gwiwarsa ta hagu ta yi ciwo, aka dakatar da matakala wata guda aka koma tafiya. Tumbin ya ragu amma bai tafi ba, kuma har yau yana shan maganinsa kullum. Sugan ne dai ya koma ƙasa da 100, ya tsaya a can.

Da hunturun da ya biyo baya mahaifiyar wani maƙwabcinmu a layi ta rasu. Aka sallace ta a ƙofar gida, aka ɗauko makara, tafiyar kuwa ta fi ta wancan karon nisa. Na ga Alhaji ya matsa ya sa kafaɗa a gaba ta hannun dama. Ina kallon bayan rigarsa, ina ƙirga taku a zuci ba tare da na yi niyya ba. A wajen na arba'in wani siririn hannu ya taɓa kafaɗarsa. Baba mai dako ne. Alhaji ya sunkuya ya zame, tsohon ya shiga wurinsa, ba wanda ya kalli wani. Ya ci gaba da tafiya a gefen makarar yana jan numfashi ta hanci, yana amsa salatin da ake yi. Da aka sha kwanar gidan mai sai na gan shi ya zaga ta baya ya karɓi wani yaro. Ya saki, ya taka, ya sake karɓa. A karo na huɗu ne aka shiga ƙofar maƙabarta, kafaɗarsa tana ƙarƙashin makarar har aka sauke ta a bakin kabari. Ni sau biyu na samu na karɓa, na biyun ma da ƙyar.